Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo da Kusheyin da Ya Baro a Degel

 

Duk mai ziyarar da ya ɗaura niyyar zuwa Sakkwato, Hubbare ne a ransa. Can ne makwancin Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya ƙara masa yarda, kuma can ne ƙafa ba ta ɗaukewa rani da damina. Sai dai ba kowa ke lura ba cewa zaman da Shehu ya yi a birnin Sakkwato bai wuce kimanin shekara biyu ba, wajen rabinsa ma cikin jinya ya yi shi. Garin da ya yi karatun allo, ya fara wa'azi, ya tara almajirai, Allah Ya yi masa buɗi, wani ƙauye ne da ake kira Degel, a ƙasar Cimmola cikin ƙaramar hukumar Gwadabawa ta yau, arewa da Sakkwato. A ƙauyen nan mahaifinsa, Malam Muhammadu Fodiyo, yake kwance, tare da iyali da maƙwabta da almajiran da ajali ya riska kafin hijira. Su ne mutanen da suka san Shehu tun duniya ba ta san shi ba, kuma ba su ga ranar da aka ɗaga tuta ba.

Wanda ya taso daga gabas, a ce daga Mallawa ko Magarya ko Dungas, ya hau babbar hanyar da ta fito daga Damagaram ta ratsa Tasawa da Maraɗi, to ta cikin tarihin Shehu zai bi, ko ya sani ko bai sani ba. A yankin Madawa kabarin Malam Jibrilu ɗan Umaru yake, babban malamin Shehu. Gaba kaɗan, kusa da Galmi mai albasa, nan Maratta take, inda aka haife shi. Sai Birnin Ƙonni, mazaunin kakanninsa. Idan matafiyin ya tsallaka iyaka a Illela ya miƙe kudu, zai iso Gwadabawa, Degel kuwa tana cikin ƙasarta. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata daga baya ce ta raba waɗannan wurare gida biyu. A zamanin Shehu malami kan kwana nan ya wuni can, da gafakarsa a kafaɗa, ba mai tambayarsa takarda.

Zuriyar Shehu Toronkawa ne, Fulanin da suka fito daga Futa Toro a ƙasar Sanagal ta yau. Kakansu Musa Jakollo shi ya jagorance su har suka sauka a Ƙonni, suka daɗe a can kaka da kakanni suna karatu da karantarwa. Da zama ya yi tsanani sai wani reshe nasu ya tashi zuwa Maratta a ƙasar Gobir. A nan aka haifi Usmanu a ƙarshen watan Safar na shekarar 1168 bayan Hijira, wato 15 ga Disamba 1754. Kalmar Fodiyo kuwa laƙabi ne na Fulatanci da ake yi wa masanin fiƙihu, mahaifinsa aka yi wa shi, ɗan ya gaje shi a suna har abada. Yana ƙarami gidansu ya koma Degel.

A hannun Malam Muhammadu Fodiyo ya karanta Alƙur'ani. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai ziyara ya daɗe a tsaye gaban kabarin nan na Degel, domin duk ayar da Shehu ya kafa hujja da ita a littattafansa, da duk wadda ya fassara wa talakawan Kabi da Zamfara, daga bakin wannan dattijo ya fara jin ta. Mahaifiyarsa Hauwa'u ita ma 'yar gidan ilimi ce, haka kakarsa Ruƙayya. Kabarin Hauwa'u ba a Degel yake ba, yana Marnona ta wajen Wurno, garin da dangin Shehu da dama suka zauna. Wato tun daga iyaye biyun nan kusheyin gidan suka fara rarrabuwa.

Karatun Shehu kusan duk na cikin gida ne. Malamansa baffanni ne da kawunnai da 'yan'uwa. Ya yi nahawu wajen Abdurrahman ɗan Hammada. Ya zauna da Malam Usmanu Binduri kimanin shekara biyu yana karanta Muhtasar na Halil, kuma ƙanensa Abdullahi ya shaida cewa daga wannan malami Shehu ya ɗauki ɗabi'ar tsoron Allah da horo da kyakkyawa da hani da mummuna. Ya karanta Sahihul Buhari wajen Alhaji Muhammadu ɗan Raji. Akwai kuma Malam Muhammadu Sambo, wanda ya tafi aikin hajji ya daɗe, da ya juyo gida ajali ya tare shi a Agadas a 1793, bai ƙaraso ba. Kabari ɗaya ke nan na gidan a can bakin Sahara.

Labarinsa da Malam Jibrilu ɗan Umaru shi ne ya fi nuna matsayin uban da ke kwance a Degel. Shehu ya bi Malam Jibrilu har Agadas, ya zauna da shi wajen shekara guda. Da malamin ya yi haramar tafiya Makka, sai almajirin ya juyo gida, ba don komai ba sai don mahaifinsa bai ba shi izinin tafiyar ba. Mai karatu ya tsaya ya auna wannan. Saurayi ne da begen Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya cika masa zuciya, har waƙarsa ta Larabci da ta fara shahara, wadda ya yi yana ɗan shekara ashirin, kukan son zuwa Madina ce. Ga ayari a shirye, ga malaminsa a gaba. Amma ya dawo Degel saboda maganar uba. Allah bai ƙaddara masa zuwa Makka ba har ya bar duniya, kuma da wannan dawowa tasa ce Allah Ya raya addini a ƙasar Hausa. Masu neman karamomin Shehu sukan fara da labaran da suka saɓa wa al'ada, ga kuwa wannan a gabansu.

Ya fara kiran mutane zuwa ga Allah a Degel wajen 1774. Daga nan ya yi ta fita, ya shiga Kabi, ya dawo, ya sake fita. Ya yi kimanin shekara biyar a ƙasar Zamfara yana wa'azi da Hausa da Fulatanci, maza a gefe mata a gefe. Da wani malami ya soke shi a kan barin mata su halarci majalisinsa, Abdullahi ne ya mayar da amsa a waƙe, cewa barin su cikin jahilci shi ne babban laifi. A Babbar Sallar 1788 Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami, ya yi musu kyauta, ya miƙa wa Shehu misƙali ɗari biyar na zinariya. Shehu bai karɓa ba. A madadinta ya nemi abu biyar: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama duk mai hula da rawani, a saki 'yan kurkuku, a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Bawa ya amsa masa duka.

Wajen 1793 ya dawo ya zauna daram a Degel, kuma shekaru goma da suka biyo baya su ne zuciyar rayuwarsa, ko da yake masu ba da tarihi sun fi son su yi sauri su kai ga ƙarar takubba. Ƙauyen ya zama jami'a ba gini. Ga gidan Shehu da masallaci da wurin karatu, ga gidan ƙanensa Abdullahi, ga na amininsa Umaru Alkammu, ga na magatakardansa Malam Musɗafa. Fulani da Hausawa da Buzaye duk sun kafa bukkoki. Ana kwafar littattafai da tawada da alƙalamin kara, almajiri ya gama ya ɗauki kwafinsa ya koma garinsu ya buɗe tasa makarantar. Muhammadu Bello ya bayyana yadda mahaifinsa yake fitowa majalisi: yakan ɗan tsaya kafin ya iso ga jama'a ya sabunta niyya, ya roƙi Allah ikhlasi, sannan ya fito da sakin fuska ya yi sallama. Ba ya ƙosawa da mai tambaya, ba ya kunyata wanda ya yi kure. Daren Juma'a na wa'azin gama-gari ne. A cikin gida kuma yana karantar da matansa da 'ya'yansa mata kamar yadda yake karantar da maza. An ruwaito cewa da tufka igiya yake ci, kuma tufafinsa ba su wuce riga da wando da rawani ba.

A waɗannan shekaru ne ya ga abin da ya gani. Ya faɗa a ɗan littafinsa na wuridi cewa da ya kai shekara talatin da shida Allah Ya yaye masa hijabi, gani da ji da sauran gaɓoɓinsa suka ƙara ƙarfi. Da ya kai arba'in da wata biyar da 'yan kwanaki aka kai shi hadarar Shugaban halitta, Sallallahu Alaihi Wasallama, tare da sahabbai da waliyyai, Sidi Abdulƙadir Jilani ya naɗa masa rawani ya rataya masa Takobin Gaskiya. Shehu Baƙadire ne ciki da waje. Ya rubuta salsalarsa ta ɗariƙa, ya yi littafi a kan falalar Ƙadiriyya, ya yi waƙar tawassuli da Shehu Abdulƙadir da Fulatanci wadda Abdullahi ya mayar Larabci, har aka wayi gari ana kiran jama'arsa Ƙadirawa. Takobin nan kuwa ya yi shekara goma a kube. Duk wanda ke gaggawar kamanta kansa da Shehu ya fara ƙirga waɗannan shekaru tukuna.

Mutuwa ba ta daina ziyartar Degel ba a lokacin. A nan aka haifi tagwaye Hassan da Nana Asma'u wajen 1793, kuma mahaifiyarsu Maimunatu ta rasu suna ƙanana, sauran matan Shehu suka rene su. Garin da ɗaruruwan baƙi ke zuwa neman ilimi daga nesa, dole wasunsu su zo da ƙarar kwana. Kabarin ƙasar Hausa kuwa kowa ya san yadda yake: a haƙa rami, a sake haƙa ƙarami a cikinsa, a kwantar da mamaci a kan damansa yana fuskantar alƙibla, a jera itace ko fasassun tukwane, a toshe da ganye da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a tara tudu, a ɗora ƙaya saboda kura. Damina kaɗan ce za ta wuce tudun ya kwanta ya zama daidai da ƙasa. Daga nan ba abin da ke riƙe sunan mai kabarin sai ƙwaƙwalwar tsofaffi. Haka abin yake a Degel, haka yake a kowace tsohuwar maƙabartar gida da ke bayan gari a ƙasar Magarya ko Daura ko Katsina, inda dattijo ɗaya ne ya rage da zai nuna maka da sanda ya ce nan liman wane yake, can mai garin da ya sari dajin. Ranar da aka binne dattijon, garma ta samu hanya. Sa'ar da mutanen Degel suka yi ita ce Allah Ya ba su marubuta. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u, ya zauna ya jera sunayen mutanen Shehu a littafinsa Raudul Jinan, da maƙwabtansa da limamansa da ladanansa da masu yi masa hidima. Aikin da ya yi ke nan wanda yawancin gidajen malamai ba su yi wa nasu ba.

A Degel ɗin nan kuma, da kusheyin danginsa a kusa da shi, Shehu ya rubuta Ihya'us Sunna, inda ya ware babi a kan jana'iza da kaburbura. Matsayinsa a fili yake, kuma bai yi wa kowane ɓangare na masu jayayyar yau daɗi gaba ɗaya ba. Ziyarar kabari sunna ce a wurinsa, domin Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya yi izini da ita bayan ya taɓa hanawa, ya ziyarci mutanen Baƙi'a da shahidan Uhudu, ya tsaya a kabarin mahaifiyarsa ya yi kuka. Tawassuli da bayin Allah kuwa Shehu da kansa ya yi shi a waƙe. Amma ya ƙirga shafar kabari da ɗibar ƙasarsa don neman tabarruki cikin bidi'o'in da ya yi hani da su, kamar yadda ya yaƙi yanka ga itatuwa da duwatsu. Wanda ya ce ziyara shirka ce, ba da sunan Shehu zai faɗi haka ba. Wanda kuma ya je Hubbare ko Degel ya cika aljihu da ƙasa, ya sani mai wurin ya riga ya yi magana a kan abin da yake yi. Ladabin da aka gada daga gare shi gajere ne: a yi sallama, a tsaya da natsuwa, a yi wa mamaci addu'a, a roƙi Allah Shi kaɗai, a tuna cewa gobe nan za a zo.

Bawa ya rasu ba da daɗewa ba bayan taron Magami, Yakubu ya gaje shi, sai Nafata. Shi ne ya sa aka yi shela a kasuwa cewa ba mai wa'azi sai Shehu kaɗai, kada ɗa ya bar addinin da ya tarar da ubansa a kai, kada namiji ya naɗa rawani, kada mace ta yi lulluɓi. Da Yunfa ya hau, abin ya ƙara zafi. Giɗaɗo ya ruwaito cewa Yunfa ya kira Shehu fadarsa a Alƙalawa ya ɗana masa bindiga, wutar ta dawo kansa. A ƙarshen 1803 rundunar Gobir ta afka wa Gimbana, garin Malam Abdussalami almajirin Shehu, ta kamo Musulmi, ta biyo da su ta kusa da Degel a ɗaure. Mutanen Degel suka fita suka kwance su. Sai saƙo ya zo daga Yunfa: Shehu ya kwashi iyalinsa ya fita daga garin, ya bar sauran jama'a.

Da zai bar jama'a, da ya tsira da gidansa, wataƙila ma wata rana ya dawo ya ci gaba da zama kusa da kabarin mahaifinsa. Ya amsa cewa ba zai rabu da jama'arsa ba, amma zai bar wa sarki ƙasarsa, domin ƙasar Allah faɗi gare ta. Ranar 10 ga Zulƙida 1218, daidai da 21 ga Fabrairun 1804, suka tashi zuwa Gudu, can yamma a bakin iyakar Gobir. Aliyu Jeɗo ya taimaka da mutanensa, Agali Ba'abzine ya kawo raƙuman da aka ɗora wa littattafai. An ɗauki tsofaffi da jarirai da marasa lafiya da takardu. Abin da ba ya ɗaukuwa shi ne maƙabarta. Mutumin da ya fasa hajji don maganar ubansa, ga shi ya juya wa kabarin uban baya don kada ya tozarta amanar mutanen da suka taru saboda Allah a kansa. Ba saɓani tsakanin biyun, biyayya ce iri ɗaya ga Mai umarni ɗaya. Shehu ya yi wata waƙa da Fulatanci yana gode wa Allah a kan wuraren da rayuwarsa ta yi kama da ta Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, hijira na cikinsu. Mai tunani zai tuna cewa shi ma Shugaban halitta ya baro kabarin Nana Hadiza a Makka ranar da ya nufi Madina. Nana Asma'u tana 'yar shekara goma ko sha ɗaya a ranar, ita ma ta baro tata uwar.

Shehu bai sake zama a Degel ba. A Gudu aka yi masa mubaya'a ya zama Amirul Muminina. A watan Yunin 1804 aka gwabza a Tafkin Kwato, Abdullahi na jagorantar runduna, Allah Ya ba jama'a nasara. Daga nan kusheyi suka fara yawa fiye da yadda za a iya ƙirgawa. A Tsuntsuwa, ƙarshen wannan shekarar, kimanin mutum dubu biyu suka yi shahada, wajen ɗari biyu daga cikinsu mahaddata Alƙur'ani ne. Waɗannan fa su ne amfanin gonar da aka yi shekara talatin ana nomawa, aka girbe su a wuni ɗaya. Yunwa da cuta suka bi sauran zuwa Sabon Gari a Zamfara, daga can zuwa Gwandu, sai kuma Alwasa a 1805 inda aka sake yin babban rashi. Da malamai suka ragu, masu neman ganima suka yawaita, har ran Abdullahi ya ɓaci ya kama hanyar gabas da nufin ba zai dawo ba. A Kano aka tsayar da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, ya karantar da tafsiri, sannan ya juyo. Alƙalawa ta faɗi a 1808, Yunfa ya mutu a wurin.

Abin da Shehu ya yi da nasarar shi ne abin da ya fi kama da mutumin Degel. Ya koma Sifawa ya buɗe karatu. A 1812 ya raba gudanar da mulki, yamma ga Abdullahi, gabas ga Bello, shi kuwa ya riƙe alƙalami. Da yawa daga littattafansa na wannan lokaci gargaɗi ne ga nasa mutanen: a kan zalunci, da cin dukiyar talakawa, da saurin kafirta Musulmi, da tsananta wa mutane a abin da malamai suka yi saɓani. A shekarun ne kuma aka yi ta musayar wasiƙu da Shehu Muhammadul Amin Alkanemi na Barno a kan halaccin yaƙin. Ƙasar Damagaram ta kasance a ɓangaren Barno, ba ta karɓi tutar Sakkwato ba, amma littafi ba ya tsayawa inda doki ya tsaya.

A 1815 ya koma Sakkwato, garin da Bello ya gina, ya sauka a yammacinsa. Ciwo ya kama shi ya daɗe, ya rasu ranar 3 ga Jimada Ahir 1232, wato 20 ga Afrilun 1817. A cikin gidansa aka binne shi, wurin da ake kira Hubbare yau. Ɗansa Hassan, tagwayen Asma'u, ya bi shi a cikin shekarar, aka sa shi kusa da shi. Haka ɗansa Muhammadu Sambo, sufin gidan, wanda ya rasu a 1826. Umaru Alkammu ya riga Shehu rasuwa, an binne shi a ƙasar Zamfara, daga baya Bello ya sa aka ɗauko shi aka kwantar da shi kusa da amininsa, don kada waɗanda suka yi maƙwabtaka a Degel su rabu a ƙasa. Nana Asma'u ta rasu a 1864 aka binne ta a nan ita ma, bayan ta kafa 'Yan Taru, matan ƙauyuka da ke tahowa ƙarƙashin jajinsu don ɗaukar karatu, waɗanda ba su daina zuwa Hubbare ba bayan rasuwarta. Sarakunan Musulmi na baya-bayan nan, irin su Abubakar na Uku da ya rasu a 1988 da Muhammadu Macciɗo da ya rasu a 2006, duk a nan aka kai su.

Duk da haka gidan bai sake haɗuwa a maƙabarta ɗaya ba. Abdullahi yana Gwandu, inda ya rasu a 1829. Bello yana Wurno, ribaɗin da ya gina ya zauna a ciki har ajalinsa a 1837, don ya fi son ya mutu yana tsaron iyakar Musulmi da ya mutu a birni. Ƙanensa Abubakar Atiku ya samu rauni a yaƙin Tsibiri, ya cika a Katuru a 1842, can aka binne shi. Attahiru na Farko, wanda ya ƙi zama ƙarƙashin Turawa ya yi hijira irin ta kakansa, yana can Burmi a ƙasar Gombe tun 1903. Ɗan gidan Fodiyo inda aikin Allah ya kai shi nan ƙasarsa take, kuma an fara wannan ne tun ranar da aka baro Degel.

Degel kuwa ta zama kufai bayan hijira, bukkoki suka rushe, kusheyi suka rage. Sai a zamanin jikoki gidan ya sake waiwayar yankin. Ahmadu ɗan Atiku, jikan Shehu, wanda ya zama Sarkin Musulmi a 1859, ya yi ribaɗinsa a Cimmola, ɗan taƙi kaɗan daga Degel, ya mai da ita mazauninsa. Ɗansa Muhammadu Maiturare shi ya kafa Gwadabawa, ya tara mutane ya raya dajin da ke arewa har zuwa bakin Ƙonni, kafin shi ma ya zama Sarkin Musulmi a 1915. Ahmadu ya rasu a Cimmola a 1866, kuma a can aka binne shi, shekara sittin da biyu bayan fitar kakansa, kusa da ƙasar da Malam Muhammadu Fodiyo yake kwance, Allah Ya jiƙansu baki ɗaya.